"Fari kawai yake nuna min": me ya sa shafukanmu basa buɗewa a wayoyin mutanenmu

Duk mai haɗa shafin intanet ko manhajar da ake buɗewa a burauza a garin nan na Kano ya san saƙon muryar da yake shigowa WhatsApp bayan an miƙa aiki. "Malam, abin nan naku fa baya buɗewa, fari kawai yake nuna min." Kai kuma ka ɗauki wayarka ka danna linkin ya buɗe tsaf, ka gwada a laftof ya buɗe, ka turawa abokin aikinka shima yace lafiya ƙalau, sai ka koma ka tambayi mai ƙorafin wace irin waya ce a hannunsa, yace itel ce ko Tecno, wace Android ce a ciki bai sani ba, da wace burauza ya buɗe bai sani ba, shi dai ya danna abin da aka turo masa ne. Kuma da gaskiyarsa, ba aikinsa bane ya sani.

Amsar da na fi ji a bakin masu ba da aiki, kai har da wasu 'yan uwana masu rubuta kod, wato umarnin da ake gina shafi da shi, ita ce "ai sai su canja waya". Wallahi wannan amsar bata gamsar da ni ba. Duk wanda ya bi diddigin yadda abin yake aiki zai ga cewa kaso mai yawa na matsalar daga wajenmu yake, mu da kayan aikin da muke ɗaukowa daga waje bamu tsaya mun duba don wa aka ƙera su ba.

Shafin intanet abu uku ne a haɗe. HTML shine rubutun da fom ɗin da maɓallan, CSS shine tsari da kwalliya, JavaScript kuma shine mai motsa abubuwa. Biyun farko suna da haƙuri, idan burauza ta ci karo da abin da bata gane ba a cikinsu sai ta tsallake ta ci gaba, iyakaci kwalliyar ta ɗan karkace amma rubutu yana nan ana karantawa. JavaScript bashi da wannan haƙurin ko kaɗan. Burauza sai ta karance fayil ɗin gaba ɗaya kafin ta fara aiki da shi, in ta tarar da alama ɗaya tak da bata sani ba sai tayi watsi da fayil ɗin dukkansa, kamar mai girkin da ta ga tsakuwa ɗaya ta kifar da tukunyar shinkafa. Akwai wata gajeriyar hanyar rubutu, alamar tambaya da ɗigo a manne, wadda ta shigo Chrome a siga ta 80 a watan Fabrairun 2020. Yanzu da wuya ka buɗe kod baka ganta ba, ko kai baka rubuta ta ba tana nan a cikin kod ɗin wasu da ka ɗauko ka haɗa da naka. Wayar da burauzarta ta tsaya a ƙasa da 80 tana ganin wannan alamar zata tsaya cak.

A da wannan ba zai kashe shafi ba, saboda saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ita ce take haɗa HTML ɗin ta turo shi a kammale, JavaScript ƙari ne kawai. Amma salon da yayi tashe tun da firemwok, wato kayan gina shafi irin su React da Vue da Angular, suka karɓe kasuwa shine a turo HTML wanda babu komai a cikinsa sai akwati ɗaya wayam, a barwa JavaScript ya zana komai a cikin wayar mutum. Toh in JavaScript ɗin ya mutu me ya rage? Akwatin nan ne wayam, shine farin da Alhaji yake gani. Babu saƙon kuskure, babu bayani, kuma datarsa ta riga ta tafi domin an sauke fayil ɗin kafin a ƙi shi.

Sai kace toh yayi abdet mana. Nan ne abin ya fi sarƙewa. Na farko, akwai inda Google da kansa ya ja layi. Wayar da take kan Android 5 ta tsaya a Chrome 95 tun 2021, mai Android 6 ta tsaya a 106 a 2022, mai Android 7 ta tsaya a 119 a 2023, a 2025 kuma aka sallami Android 8 da 9 a kan 138. Komai datar da mutum ya zuba ba zai wuce nan ba. Ita kanta Android ɗin ba a hannunsa take ba, sai kamfanin da ya ƙera wayar ya turo sabuwa, shi kuma kamfanin sai masu ƙera kwakwalwar wayar irin su MediaTek da Unisoc sun yi nasu aikin, kuma a wayar da ribarta bata taka kara ta karya ba babu mai son kashe kuɗin injiniyoyi a kanta bayan ta bar shago. Google da Samsung sun fara alƙawarin abdet na shekara 7 daga Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024, amma waɗannan ba su bane a aljihun ɗan adaidaita ko mai shayi.

Na biyu, ko wayar da Google bai sallama ba zaka tarar burauzarta ta tsufa. Wurin ajiya giga 8 ko 16 ne, tsarin wayar ya cinye kaso mai yawa, sauran kuma bidiyoyin biki da wa'azi da saƙonnin gurup sun cike shi, Play Store yace babu wuri. Sannan Play Store yadda yake zuwa a saite sai da wayfai yake abdet da kansa, mutum nawa ne a Kurna ko Rimin Kebe yake hawa wayfai? Wasu ma basu taɓa shiga Play Store ɗin ba, ranar da aka sayi wayar a Farm Centre ko Beirut Road yaron shago ya buɗe musu imel, ya zuba musu manhajoji ta Xender, shikenan, sigar da aka zuba ranar ita ce har yau. Ni bana ganin laifin mai kashe abdet don ya tsimi data, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Na uku, ba lallai Chrome ne ma ya buɗe linkin ba. Wayoyin Transsion, wato Tecno da itel da Infinix waɗanda su suka cika hannun mutanenmu, da yawansu suna zuwa da Phoenix a ciki, wasu sun saba da UC Browser, wasu Opera Mini. In kuma a cikin wata manhaja aka danna linkin, sau da yawa wani ɓangaren Android ne mai suna WebView yake buɗewa, shi kuma abdet ɗinsa daban ne da na burauza, sai ka ga mutum burauzarsa sabuwa amma WebView ɗinsa tun na kamfani. Masu iPhone ma basu tsira ba, kuma su ne suka fi mamaki. iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, ga su nan birjik a kasuwa ana sayar da su a matsayin na hannu daga Landan, jiki fes kamar sababbi. A iPhone kuma kowace burauza injin Safari, burauzar Apple, take hawa, don haka ko ka ce mata "Hajiya ki sauke Chrome" babu abin da zai canja.

Yanzu ka dubi kayan aikinmu. A 2023 Google da abokan tafiyarsa suka fito da wani ma'auni mai suna Baseline, wanda yake cewa in wata fasaha ta kai wata 30 a dukkan manyan burauzoji to ta zama gama-gari, kowa ya yi amfani da ita hankali kwance. Manyan burauzojin nan su ne Chrome da Edge da Firefox da Safari, babu Opera Mini a lissafin, babu UC. Wata 30 shekara biyu da rabi kenan, a garin da waya take shekara biyar ko shida tana zagayawa daga hannun miji zuwa mata zuwa ɗa zuwa ƙanen mata a ƙauye. Vite, wanda da yawanmu muke haɗa kod da shi, a siga ta 7 da ta fito a 2025 ya ɗauki wannan ma'aunin a matsayin saitinsa na asali, wato Chrome 107 da Safari 16 zuwa sama. Ka tuna Android 6 a 106 ta tsaya, iPhone 7 kuma bata kai 16 ba. Tailwind, kayan aikin kwalliyar shafi, siga ta 4 da ta fito a Janairun 2025 ta faɗa ƙarara cewa tana buƙatar Chrome 111 da Safari 16.4, har suka ce mai son tsofaffin burauzoji ya zauna a 3.4. Sun yi gaskiya sun faɗa, amma yaron da ya koyi aiki a YouTube ya buga umarnin girkawa ya samu sabuwar siga, wa ya gaya masa ya karanta wannan layin? Sai ya miƙa aiki, a tsohuwar waya launin maɓalli ya ƙi fitowa saboda an rubuta shi da sabon salon launi, rubutun kan maɓallin kuma fari ne a kan farin shafi, mutum ya cike fom tas ya rasa inda zai danna ya tura. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a kori mai Android 6 daga wannan shafin, saitin da wani ya zaɓa a Turai ko Amurka ne ya yanke, mu kuma muka sa hannu bamu karanta ba.

Akwai wata matsalar da bata da alaƙa da tsufan burauza, ita ce ƙarancin ram, wato wurin da waya take riƙe manhajojin da suke buɗe. Na tsaya a kan wata baiwar Allah a unguwarmu tana cikewa 'yarta fom ɗin makaranta a wayar da ram ɗinta giga 1 ne. Ta rubuta suna, ta zaɓi ƙaramar hukuma, ta ɗauko takardar NIN ta kwafi lambobi 11 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya tana bi da yatsa, ta sauko har wurin ɗora hoton fasfo. Ta danna, kyamara ta buɗe, yarinyar ta tsaya jikin bango aka ɗauka, tana danna alamar amincewa sai shafin ya fara lodin daga farko, duk akwatunan wayam. Ta dube ni tace "ɗan nan ni na taɓa wani abu ne?" Bata taɓa komai ba. Kyamara tana buƙatar wuri, Android ta duba ta ga babu, sai ta kashe burauzar da take baya don ta samarwa kyamara wuri, da aka dawo sai burauzar ta tashi sabuwa. Haka yake faruwa da lambar sirrin da ake turowa ta tes, mutum ya fita ya duba lambar, ya dawo ya tarar shafin ya koma farko, ya nemi wata lambar, ta farkon ta mutu, a haka har a rufe shi saboda yawan gwaji. A laftof mai ram giga 16 ba zaka taɓa ganin wannan ba ko shekara zaka yi kana gwaji. Kuma maganin ba wani abu ne mai wuya ba: a rinƙa adana abin da mutum ya rubuta yana rubutawa, a raba dogon fom zuwa gajerun shafuka kowanne ya shiga saba kafin a wuce, a karɓi hoton komai girmansa a rage shi a saba maimakon a ce wa uwar yara wai kada ya wuce kilobait kaza, a kuma ƙara wa lambar sirri lokaci.

Opera Mini kuwa duniya ce daban, kuma bana son yadda wasunmu suke zaginta. Tun 2006 da ta bazu a duniya ita ce ta fara shigar da miliyoyin 'yan Najeriya intanet a kan ƙananan Nokia. Dabararta ita ce wayar bata zuwa shafinka kai tsaye, sabar Opera ce take zuwa ta buɗe shi, ta bar JavaScript ya yi gudu na 'yan daƙiƙu, ta matse sakamakon ta turowa wayar, shi ya sa kamfanin yake cewa tana iya rage cin data har kashi 90 cikin ɗari. Ga wanda yake sayen data ta naira ɗari ko ɗari biyu wannan ba ƙaramin abu bane. Amma a yanayin matsewa mai tsanani duk abin da ka gina a kan motsi na nan take ya rushe, agogon ƙirga lokaci baya tafiya, saƙo baya shigowa da kansa, kowane dannawa sai ya je sabar Opera ya dawo, ƙananan alamomin da aka yi da salon haruffa na musamman su zama akwatuna ko su ɓace. Sannan tunda sabarsu ce take buɗe shafin a madadin mutum, sirrin da ke tsakanin waya da shafinka ba kai tsaye yake ba, akwai na uku a tsakiya, wanda abin dubawa ne in ana maganar kuɗi. Abin da na lura dai shine fom ɗin HTML na gargajiya, mai akwati da maɓallin turawa, yana aiki a Opera Mini lafiya lau har gobe.

Sai maganar satifiket, wadda ita ce ta fi ban tausayi domin shafin ko fara buɗewa baya yi. Ɗan kwaɗon da aka saba gani a saman burauza yana nufin wata hukuma ta ba shafin satifiket, wato shaidar cewa shi ne mai wannan adireshin, wayar kuma tana da jerin hukumomin da ta yarda da su, an zuba mata tun daga kamfani. Let's Encrypt, wadda take ba da satifiket kyauta tun 2015 kuma akasarin ƙananan shafuka da ita suke aiki, sabuwa ce a lokacin, tsofaffin wayoyi basu santa ba, sai ta jingina da tsohon satifiket ɗin wani kamfani mai suna IdenTrust. Wannan ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2021. Suka yi wata dabara ta musamman saboda masu tsohuwar Android ta ƙara musu shekara uku, ita ma ta ƙare a Satumban 2024. Daga nan duk wayar da take ƙasa da Android 7.1.1, in burauzarta da jerin cikin wayar take dogara, jan gargaɗi zata nuna da Turanci cewa shafin ba amintacce bane. Let's Encrypt sun ba da shawarar a sauke Firefox tunda ita da nata jerin take zuwa, amma ka koma kan maganar wurin ajiya da data ka ga ko shawarar zata yi aiki a nan. Wasu masu shafuka sun koma wajen wata hukumar da tsofaffin wayoyi suka sani, wannan yana taimakawa, sai dai shima lokaci ne, kowane satifiket yana da ranar ƙarewa.

Wani lokacin kuma jan gargaɗin nan agogo ne kawai. Wayar da ake cire mata batir a kaiwa mai caji, ko ta mutu ta kwana biyu babu wuta, tana tashi sai kwanan watanta ya koma shekarar da aka ƙera ta, sai ta ga satifiket ɗin shafinka wai lokacin fara aikinsa bai zo ba. Gyaran minti ɗaya ne a saitin waya. Abin da yake tayar min da hankali shine yadda ake koyawa mutane su danna "ci gaba a haka" duk sanda suka ga gargaɗin, yaran kafe suna yi, wasu ma'aikatan ofis ma suna faɗawa mutane haka a waya. Wanda ya saba tsallake gargaɗi a shafin makaranta zai tsallake shi ranar da ɗan damfara ya turo masa shafin banki na bogi.

Abin da ya fi damuna a duk wannan lamarin shine waɗanda muka kora basa fitowa a lissafi. Mai aiki zai buɗe Google Analytics, ma'aunin da yake ƙirga masu shiga shafi, ya nuna maka yace "kaga ai masu tsohuwar waya basu da yawa, me zai sa mu ɓata lokaci". Amma shi kansa ma'aunin da JavaScript yake aiki. Wanda satifiket ya tare shi a ƙofa bai shigo ba balle a ƙirga shi, wanda ya gaji da jiran lodi ya rufe kafin ma'aunin ya tashi ba a ƙirga shi ba, in kuma an cusa ma'aunin a cikin fayil ɗin da ya mutu to tare suka mutu. Wanda ya zo sau ɗaya ya ga fari ba zai dawo ba, mai sabuwar waya kuma kullum yana dawowa, sai alƙaluman su rinƙa nuna cewa kowa sabuwar waya gare shi, a sake ɗaga sigar burauzar da ake buƙata, a sake korar wasu. Shi ya sa nake cewa a duba rajistar saba, inda kowace burauza take faɗin sunanta tun kafin JavaScript ya tashi. Sababbin Chrome sun daina faɗin ainihin samfurin waya tun 2023, kowa sai ya nuna Android 10, amma tsofaffin da muke nema suna faɗin komai dalla-dalla. Ko a kayan aikin Browserslist, inda ake zaɓar burauzojin da kod zai ɗauka, ana iya cewa a yi lissafi da alƙaluman Najeriya maimakon na duniya, ya fi babu, duk da cewa alƙaluman Najeriya ma Legas da Abuja sun yi musu nauyi, wayar da ke hannun mai awo a Dawanau ba ita ce a hannun ma'aikacin banki a Ikoyi ba.

Su kuma waɗanda aka kora ba haƙura suke ba, tunda fom ɗin dole ne. Kafe suke tafiya, su biya kuɗin mota su biya kuɗin aiki, su miƙawa yaron da basu sani ba NIN da BVN da lambar waya da kalmar sirri, shi ya buɗe musu imel ya riƙe makullin. Matar aure da bata fita sai ta ba yaro takardunta a leda ya kai. Duk lokacin da shafi ya ƙi buɗewa a ƙaramar waya, sirrin wani ne yake komawa hannun baƙo, kuma mun sha jin yadda ake amfani da irin bayanan nan a karɓi bashi da sunan mutum ko a karkatar da tallafinsa. Batun su canja waya kuwa, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin a saki naira a watan Yunin 2023, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, waya kuma daga waje ake shigo da ita. Mafi ƙarancin albashin da jihar Kano ta sanya a 2024 naira 71,000 ne. Magidanci mai wannan albashin in sikirin ya fashe gyara zai kai, in batir ya kumbura ya canja batir, wayar tana nan.

Ba wai ina cewa abin kyauta bane, ni na san zafinsa. Ana iya sa wani kayan aiki mai suna Babel ya juya sabon kod ya koma tsohon salo, a ƙara faci a wuraren da tsohuwar burauza bata da wata fasaha, amma fayil ɗin sai ya ƙara nauyi, nauyin kuma a kan wayar da ta fi kowa rauni yake sauka, domin ba saukewa kaɗai ba, sai ta karanta ta sarrafa shi da 'yar ƙaramar kwakwalwarta. In ka raba gida biyu, sabon kod ga sababbi tsoho ga tsofaffi, ka ninka abin da zaka gwada. Facin ma ya taɓa zama masifa, a 2024 aka sayar da adireshin polyfill.io wanda shafuka sama da 100,000 suke ɗauko faci daga gare shi, sababbin masu shi suka fara cusa kod mai karkatar da masu waya zuwa shafukan caca da damfara. Wato waɗanda suka yi ƙoƙarin tallafawa tsofaffin wayoyi ta hanya mai sauƙi su suka jefa mutanensu a hatsari. Ga gano matsala, wayar tana hannun wani a Gezawa, baka ganin kuskuren da ta fitar, sai hoton sikirin da aka ɗauka da wata wayar, dishi-dishi. Ga mai aiki da ya ga wani shafi na ƙasar waje mai hotuna suna shawagi yace irinsa yake so, kuɗin da ya ware kuma ko na gwaji bai kai ba. Sannan akwai inda ni ma nake tsayawa, ba zan sassauta tsaron shafin da ake biyan kuɗi a kansa ba don wayar 2013 ta samu shiga, domin wannan cutar da kowa ne har da mai wayar.

Don haka layi dole a ja shi, abin da nake so shine mu ja shi da hannunmu muna kallon mutanen da abin zai shafa. A wurina duk shafin da jama'a zasu yi amfani da shi yana da ƙashin baya, abu uku ko huɗu da mutum ya zo yi: ya ga farashi ko sakamako, ya cike fom, ya tura, ya samu shaida. Wannan ƙashin bayan ya kamata ya yi aiki da HTML daga saba ko da JavaScript bai tashi ba sam, sauran kwalliya da saurin motsi a ɗora a sama ga wayar da zata iya ɗauka. Ba sabuwar dabara bace, haka aka gina intanet tun farko, kuma su kansu manyan firemwok ɗin sun dawo suna haɗa shafi a saba. Manhajar cikin ofis da ma'aikata goma zasu yi amfani da ita a kwamfuta wannan daban, a yi mata duk sabon salon da ake so. Kuma a bar wata ƙofar a buɗe wadda bata bi ta burauza ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya ga yadda lambobin USSD na bankuna suka zama hanyar masu rakani-kashi, duk da cewa su ma sun sha cunkoso, JAMB ma ta tes ake neman lambar fara rajista a 55019, wanda kowace waya zata iya.

Ni yanzu kafin in karɓi aiki sai na tambayi mai shi su waye zasu buɗe shafin, 'yan kasuwar Kwari ne masu manyan wayoyi ko iyayen yara ne a makarantar unguwa, sai mu rubuta a takardar yarjejeniya mafi ƙanƙantar wayar da aikin zai ɗauka, da kuɗin gwaji a kanta a layinsa daban yadda zai gani ya san me yake biya. Wasu sukan ce "injiniya cire wannan layin", sai in buɗe musu shafin wani a tsohuwar itel ɗin da na saya ta hannu don wannan aikin, in miƙa musu su riƙe su jira da kansu, yawanci basa sake cewa a cire. Gwajin kuma da layin waya nake yi, in kashe wayfai in mayar da netwok ɗin 3G, in bar WhatsApp a buɗe a baya yadda mai wayar zai bar shi. Wayar da ta faɗo ƙasan layin da muka ja ita ma bana barinta da farin sikirin, ina saka ɗan rubutu a cikin HTML ɗin kansa, da Hausa da Turanci, wanda zai fito in JavaScript bai tashi ba, yana cewa wannan burauzar ba zata iya buɗe shafin ba, a duba kwanan watan waya, a gwada wata burauzar, in bai yi ba ga lambar ofis a kira ko a turo saƙo a cike fom ɗin ta can.